Wa ke da titi a Abijan? Daga gumben Tireshbil zuwa kasuwar MASA

Filinmu na tarihi a wannan karo ya gangara kudu har bakin teku, birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa. Da yawanku kun fi mu sanin garin. Wani ya kai raguna gabanin Layya, wani ya sauke albasa a Ajame, wani kuma ɗansa na can yana suyar kifi a rumfar garba. Amma akwai wata kasuwa a garin da ba lalle ka taɓa shiga ba, ko da ka sha wucewa ta ƙofarta. Mako guda take ci, sau ɗaya a shekara biyu, kuma abin da ake kasawa a cikinta kiɗa ne da rawa da wasan kwaikwayo da tatsuniya. Sunanta MASA. Ba masar tanda ba fa, kada yawu ya tsinke. Haruffan farko ne na sunanta da Faransanci.

Kada ka ce ina ruwan mai shanu da 'yan rawa. Hukumar da ke rufe titi ta kafa wa makaɗa dandamali, ita ce dai ke da ikon cewa mai tebur ya tashi, ko kara ta ƙaura. Wanda duk abincinsa ke bakin titi, ya kamata ya san yadda ake rabon titin nan.

Abijan ba tsohon gari ba ne irin Katsina ko Agadas. Ƙauyukan masunta ne na ƙabilar Ebriye, a bakin wani babban tafki da tudun rairayi ya raba da teku. Faransawa sun fara kafa mulkinsu a Gran-Basam, zazzaɓin shawara ya kore su, suka koma Binjarbil a 1900. Abin da ya tashi Abijan layin dogo ne da aka fara shimfiɗawa a 1904. Suna aka ba shi mai daɗi, wai layin Abijan zuwa Nijar. Ya kai Buwake a 1912, ya kai Bobo a 1934, ya kai Wagadugu a 1954, amma har yau ƙafarsa ba ta taka ƙasar Nijar ba. Sunan ya iso, jirgin yana hanya. A 1934 aka mai da Abijan babban birni. Turawa suka ɗauki tudun tsakiya, wato Filato, suka zauna da ofisoshinsu. Baƙar fata aka tura su gefe biyu: Ajame a arewa, bayan barikokin soja, da Tireshbil a kudu, ƙetaren ruwa. Da safe a shigo aiki, da yamma kowa ya koma.

A 1950 aka gama haƙa mashigin Biridi, mai tsawon kusan kilomita 3, ruwan teku ya haɗu da na tafki, manyan jirage suka sami hanyar shiga. A watan Fabrairun 1951 aka buɗe tashar jiragen ruwa. Daga nan garin ya zama wurin cin rani na rabin Afirka ta Yamma. Mosawa, Bambara, Jula, Zabarmawa, Hausawa, Yarabawa, kowa ya ɗaura ƙunshinsa ya gangaro, don buhun koko da gungumen katako ba su loda kansu. Garin da mutanensa suka ɗan haura dubu 100 a tsakiyar shekarun 1950, ya kusa miliyan ɗaya a 1975. Ƙidayar 2021 ta sami sama da miliyan 6 a gundumar baki ɗaya.

To, samarin nan da ke dako a tasha, ran Lahadi me suke yi?

Gumbe suke yi. Gumbe sunan wata ganga ce mai kusurwa huɗu, fata a ɗaure kan katako kamar ƙaramar kujera, kuma sunan ya bi ƙungiyoyin samari da 'yan mata baƙi da ke taruwa a kanta. Mun san yadda abin yake domin wani Bafaranshe mai ɗaukar fim, Jean Rouch, wanda ya daɗe yana aiki a Nijar, ya bi 'yan cin rani har Tireshbil. A 1957 ya ɗauki fim ɗin da ake kira "Moi, un Noir", wanda ya fito a 1958. Jarumin fim ɗin Umaru Ganda ne, haifaffen Yamai a 1935, wanda ya yi wa Faransa soja a yaƙin Indocin, ya dawo bai sami aiki a gida ba, ya gangara Abijan yana leburanci a tasha. Fim ɗin ya bi mako guda na rayuwarsa da abokansa: neman aikin yini a ranakun mako, dambe da gidan rawa ran Asabar, sai gumbe ran Lahadi, inda ake gasar rawa a zaɓi sarki da sarauniya. A 1965 Rouch ya sake wani fim a kan wata ƙungiyar gumbe ta samarin ƙasar da yau ake kira Burkina, su ma a Tireshbil.

Abin lura a nan shi ne tsari. Kowace gumbe tana da shugaba, da magatakarda, da ma'aji, da dokoki a rubuce, da kuɗin da kowa ke zubawa. Tela yana ciki, direba yana ciki, lebura yana ciki. Ranar wasa a jera benci a tare titi, makaɗa su zauna, a yi abin da za a yi, kafin gari ya waye an kwashe komai, titi ya koma hannun masu kaya da masu keke. Kuɗin asusun nan kuma shi ke tashi in wani ya kwanta ciwo ko aiki ya tsaya masa. Ka ga ke nan, tun kafin a buɗe ofishin al'adu a garin, baƙi marasa fili marasa gida sun riga sun ƙware wajen aron titi na dare ɗaya su mayar da shi lafiya. Wannan shi ne ainihin sana'ar da yau ake ɗaukar masu digiri su yi wa hukumar birni. Shi kuwa Umaru Ganda, ya koma gida ya zama mai shirya fim da kansa. Fim ɗinsa "Le Wazzou polygame" ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a 1972. Ya rasu ran 1 ga Janairun 1981, kuma babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa take ɗauke da shi. Ɗan dakon tashar Abijan ke nan.

Mahukunta ma sun san darajar wurin taron kiɗa tun da wuri. Jam'iyyar PDCI ta Félix Houphouët-Boigny, wadda ta karɓi mulkin ƙasar a 1960, a wani gidan rawa na Tireshbil mai suna Étoile du Sud aka kafa ta, a watan Afrilun 1946. Shekara goma bayan haka, a 1956, Houphouët ɗin ya zama magajin garin Abijan na farko da aka zaɓa.

A nan sai ka ɗan natsu, don wannan gaɓar ita ce ke rikita baƙo. Abijan ba ta da maigida ɗaya. A 1980 aka raba birnin gida goma, kowane da magajin garinsa da majalisarsa: Abobo, Ajame, Atekube, Kokodi, Kumasi, Markori, Filato, Por-Buwe, Tireshbil da Yopugon. Kumasin nan unguwa ce, ba ta Gana ba. A samansu akwai babbar hukumar birni, wadda dokar 2001 ta mayar gunduma, aka ɗora mata gwamna. Magajin gari jama'a ke zaɓensa, gwamna kuwa shugaban ƙasa ke naɗa shi. Tikitin kasuwa da kake biya kullum na magajin gari ne. Manyan hanyoyi da mahautar Por-Buwe suna hannun gwamna. Tashar jiragen ruwa kuma kamfanin gwamnati ne mai cin gashin kansa, da katangarsa da dokokinsa, ko da yake a ƙasar Tireshbil da Biridi take zaune. Saboda haka wanda zai shirya wasa na mako guda a garin nan, sai takalminsa ya sha ƙasa. Zai je ma'aikatar al'adu don kuɗi, ya je wurin gwamna don babbar hanya, ya bi magadan gari ɗaya bayan ɗaya don filayen unguwa. Zai nemi 'yan sanda, ya nemi kamfanin lantarki CIE kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙa, ya nemi SOTRA mai motocin safa da jiragen fito na tafki don mutane su sami komawa gida da dare, ya biya BURIDA mai karɓar haƙƙin mawaƙa. In filin yana cikin tsohon ƙauyen Ebriye, sai ya cire hula ya gai da sarakunan gargajiya. Ƙofa ɗaya ta ƙi buɗuwa, wasa ya tsaya. Duk wanda ya taɓa raka kamyon shanu daga Maraɗi zuwa bakin teku ya san irin wannan tafiya.

Yanzu ga MASA kanta. Shawarar kafa ta ba a Abijan aka yanke ba. A birnin Liège na ƙasar Beljiyam ne, a 1990, ministocin al'adu na ƙasashe masu amfani da Faransanci suka zauna a kan wata matsala: Afirka cike take da makaɗa da 'yan wasa, Turai da Kanada cike suke da gidajen wasa masu neman sabon abu, amma babu inda mai kaya da mai saye ke haɗuwa. Aka ce a kafa kasuwa. Aka zaɓi Abijan domin a lokacin ita ce ke da jiragen sama, da otal-otal, da ɗakunan ɗaukar waƙa da mawaƙan ƙasashe da yawa ke zuwa. Kasuwar farko ta ci a ƙarshen Maris na 1993, wata takwas da 'yan kwanaki kafin rasuwar Houphouët. A 1998 aka mai da ita hukuma mai zaman kanta da mazauni a Abijan. Masu riƙe da ita uku ne, kamar duwatsun murhu: gwamnatin ƙasa, ƙungiyar ƙasashe masu Faransanci, da hukumar birnin Abijan.

In kana son gane yadda take ci, ɗauki kara ka auna. Tun ana saura watanni da yawa ake shela, ƙungiyoyi su aiko da samfurin aikinsu. Wani kwamiti na masana daga ƙasashe daban-daban ya zauna ya tace, kamar yadda ake duba haƙori da kofato kafin a shigar da dabba. Waɗanda suka tsallake su ne kaya. Masu saye su ne shugabannin bukukuwa da gidajen wasa na duniya, suna yawo da takardar shaida rataye a wuya, suna kallo suna rubutu. Dillalai suna nan, su ne manajojin mawaƙa, kuma la'adarsu ba ta ɓata. Fatoma kuwa ita ce hukumar MASA, mai saukar baƙi, ta ba su masauki da abinci, ta haɗa su da mai saye. Bambancin ɗaya ne, amma babba. Sa in ka sayar ya tafi ke nan. Wasa kuwa in an saya yana nan hannun mai shi, gobe ya sake sayar wa wani. Shi ya sa mako ɗaya mai kyau a Abijan kan iya ciyar da ƙungiya shekara biyu.

Kasuwar tana da ciki da waje. Ciki na masu shaida ne, a ɗakunan wasa. Waje kuwa na kowa ne: a kafa dandamali a filayen unguwanni, kallo kyauta. Wannan wajen shi ne rabon talaka, kuma shi ne dalilin da ya sa hukumar birni ke zuba kuɗinta. Mai saye daga Faransa ba ya jefa ƙuri'a a Abobo.

Ni dai a ganina akwai abin dubawa a cinikin nan. Mai saye shi ke gyara kaya. Ƙungiyar da ke da mutum ashirin a gida, in ana son ta zaga Turai sai a ce ta rage zuwa shida, saboda kuɗin jirgi da wahalar biza. Wasan da a garinsu ake kwana ana yi, sai a datse shi ya koma awa ɗaya. Kiɗan da ya saba da amshin jama'a da liƙi, a kai shi gaban mutanen da ke zaune shiru sai an gama su tafa. Ba a ce haramun ba ne. Wanda ya kai albasa Abijan ma ya san irin buhun da ake so can. Amma mai kallo ya sani cewa abin da ya gani a dandamali an yi masa aski. Sayarwa tsakanin ƙasashen Afirka kuma ta fi wuya, abin kunya. Motar 'yan wasa da gangunansu tana tsayawa a shingen da taka ke tsayawa, jandarma ɗaya, duwan ɗaya, tambaya ɗaya.

Shekara bai cika ba da kasuwar farko, a Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Tsofaffin 'yan kasuwa ba su manta wannan ranar ba. Ga 'yan wasa abin ya zo da fuska biyu: kuɗin da aka biya ka a Turai ya ninka in ka canza, amma lasifika da fitila da duk wani kayan da ake shigowa da su ta tasha su ma sun ninka. Duk da haka kasuwa ta ci a 1995, da 1997, da 1999. A 1999 ɗin ne kuma ta sami gida, lokacin da aka buɗe Fadar Al'adu da ƙasar Sin ta gina a Tireshbil, a bakin tafki, tsakanin manyan gadoji biyu da ke haɗa unguwar da Filato. Babban fagenta yana ɗaukar mutum 4,000. Daga baya aka sa mata sunan marubuci Bernard Dadié. Wato wasa ya dawo unguwar gumbe, sai dai yanzu da katanga da mai gadi.

Sai ƙasa ta rikice. Ran 24 ga Disambar 1999 soja suka yi juyin mulki. Ran 19 ga Satumbar 2002 tawaye ya raba ƙasar biyu, Buwake ta koma hannun 'yan tawaye, kuma masu kai dabbobi kudu sun fi kowa sanin abin da hanyar nan ta zama. MASA ta ci a 2001, ta lallaɓa ta ci a 2003, ta tsallake 2005, ta sake ɗagowa a 2007, daga nan shiru. A rikicin bayan zaɓe na 2011 Fadar Al'adu kanta aka wawashe. Shekara bakwai babu kasuwa.

Kai ɗan kasuwa ka san abin da wannan ke nufi. Kasuwa rana gare ta. In mutane sun zo sau biyu sun tarar da rumfuna babu kowa, ƙafarsu ta koma wani gari, kuma dawo da ita ya fi kafa sabuwa wuya. A tsakanin nan Segu ta ƙasar Mali ta fara bikinta na bakin kogin Kwara a 2005, Rabat ta Maroko ta buɗe tata kasuwar waƙa a 2014. A cikin Abijan kuwa, da hukuma ta yi sanyi, unguwa ce ta tashi. A 2008 mawaƙan nan huɗu na Magic System, ƙarƙashin A'salfo, suka fara bikin FEMUA a Anumabo, unguwar talakawa da suka taso a cikinta a Markori. Kallo kyauta, a fili, kuma da abin da masu tallafi suka bayar har makarantun firamare aka gina. In ka ce jikan gumbe ne ba ka yi ƙarya ba.

An dawo da MASA a farkon Maris na 2014, karo na 8, a hannun Farfesa Yacouba Konaté, malamin falsafa a jami'ar Abijan, lokacin Maurice Bandaman yana ministan al'adu. Gwamnatin Alassane Ouattara tana son duniya ta ga cewa ƙura ta lafa, kuma babu shaidar da ta fi a ga dubban mutane a fili da dare ba wanda ya gudu. Karo na 9 ya ƙare ran 12 ga Maris 2016. Washegari, 13 ga wata, 'yan bindiga suka buɗe wuta a bakin teku a Gran-Basam, tafiyar kilomita 40 daga Abijan, suka kashe mutum 19. Cikin mamatan har da Henrike Grohs, shugabar cibiyar al'adun Jamus a Abijan. Mako shida bayan haka, ran 24 ga Afrilu, mawaƙin Kwango Papa Wemba ya faɗi a kan dandamalin FEMUA yana cikin waƙa, rai ya yi halinsa. Shekarar ta nuna wa masu shirya taro cewa aikinsu bai tsaya ga fitila da lasifika ba. Akwai binciken ƙofa, akwai motar asibiti, akwai hanyar da taro zai fita in abu ya faru.

Daga nan hannun hukumar birni ya ƙara nauyi. A watan Yulin 2017 Abijan ta karɓi wasannin ƙasashe masu Faransanci, irin waɗanda Yamai ta karɓa a Disambar 2005. Wasanni ne da ake haɗa guje-guje da kokawa da gasar waƙa, tatsuniya, zane da sassaƙa. Wanda aka damƙa wa shirin, har da muƙamin minista, shi ne gwamnan gundumar, Robert Beugré Mambé, wanda ya zama firaminista a 2023. A 2018 kuma aka taɓa sunan MASA. Harafin ƙarshe da yana nufin Afirka, aka mayar da shi Abijan. Haruffa ba su canza ba, amma gari ya buga tambarinsa a jikin kasuwa kamar yadda ake yi wa saniya. A 2020 aka buɗe ta da jerin gwano a titunan Abobo, unguwar da ta fi shan wuya a rikicin 2011. An fara ran 7 ga Maris, ran 11 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a ƙasar, aka rufe ran 14. Da ta ƙara mako ɗaya, da ba ta ci ba.

Wannan dabara ta gyara gari da sunan biki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mutanen Maraɗi sun ga Maraɗi Kwalliya a 2015, Damagaram ta ga nata a 2018, Kaduna ta ga hawan daba na FESTAC tun 1977. Ana samun kwalta da fitilu, baƙi su zo, mai masauki da mai tuwo su samu. Kuma kusan kullum akwai wanda rumfarsa ke kan layin da injiniya ya ja.

Shekarar 2024 a Abijan ta nuna fuskokin nan biyu a fili. A ƙarshen 2023 aka naɗa sabon gwamna, Ibrahim Cissé Bacongo. Daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu ƙasar ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka, aka kafa manyan allunan kallo a filaye, gari ya sha fenti, masu gida suka ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe. 'Yan Najeriya a yi haƙuri da tuni. A cikin watannin nan kuma katafila ta shiga unguwanni irin su Gesko a Yopugon da Boribana a Atekube, inda hukuma ta ce wuraren na da haɗarin ambaliya da zaftarewar ƙasa. Dubban mutane suka kwana a waje. A farkon Afrilu gundumar ta hana talla a manyan hanyoyi, ta hana bara, ta hana tura kura, wadda can ake kira wotoro. Kura kuwa ita ce ƙafar kasuwar Ajame, ita ke ɗauko buhu daga bakin kamyo zuwa rumfa, kuma masu tura ta akasari baƙi ne daga arewa. Kwanaki kaɗan bayan wannan doka, daga 13 zuwa 20 ga Afrilu, MASA ta 13 ta ci, Ruwanda ce babbar baƙuwa, aka tare tituna don masu rawa.

A fahimce ni, ba MASA ce ta kori kowa ba. 'Yan wasa ba su da katafila, kuma yawancinsu 'ya'yan unguwannin nan ne. Hukuma ma tana da hujjarta: kowace damina ruwa yana cin rayuka a Abijan, kuma wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson Ajame ya san dole a yi wani abu. Abin da nake nuna maka shi ne bambancin yadda ake bi da mutum biyu a kan titi ɗaya. Mai ganga ana sanar da shi tun shekara guda, a aiko masa takarda, a tanadar masa wuri da wuta da ruwa, a gaya masa ranar kafawa da ranar kwashewa. Hukumar da ta iya wannan tsari don baƙon mako guda, ba za ta ce ba ta iya shi ba don wanda ya shekara talatin yana biyan tikiti. Mai garba da ke sayen kifin tuna daga tashar jiragen ruwa ya soya wa ɗalibai da leburori, har abincin ya ɗauki sunan Bahaushe ya zama abincin gari, shi ma yana cikin abin da ya sa Abijan ta zama Abijan. Daren wasa ma, in taro ya watse, wurinsa ake nufa.

Sai maganar kara. Shekara da shekaru, dabbar da ta fito daga Mali, Burkina ko Nijar, a mota ko a jirgin ƙasa, Por-Buwe take sauka, kusa da mahauta, a hanyar filin jirgin sama. Gundumar ta ce wurin ya yi ƙazanta, yana tare hanya, a koma wani fili a Ajame inda da ake sayar da tsofaffin kayan mota. Dillalai da masu dabbobi suka ce sabon wurin bai shirya ba, ga damina ta sauka, ga Layya saura mako biyu, ga raguna a hanya. Ran 1 ga Yunin 2024 aka yi arangama da jami'an tsaro a Por-Buwe, mutane suka ji rauni, katafila ta shiga. Ƙarshenta dai aka kwashe dabbobi daga Por-Buwe. Babban shirin da aka daɗe ana faɗi shi ne a gina sabuwar mahauta da kara a Anyama, arewa da birni, a bakin hanyar da dabbobi ke shigowa. Kafin nan, in ka yi lodi za ka gangara, kira fatomanka tun kana Wangolo ka tambaye shi inda ake saukewa a wannan makon.